KAFIN YARO YA BAR HANNUNMU: RIƘON MARAYU DA DOKAR FITAR DA YARA ƘASASHEN WAJE

Jawabin da kwamitin kula da gwauraye da marayu ya gabatar a taron fastoci, dattawa da shugabannin zumuntar mata na ƙasar Haɗejiya, wanda aka yi a Birniwa.

  

Batun da aka ɗora mana shi ne ƙa'idodin da ake bi kafin a ba wata ƙungiya izinin ɗaukar yaro daga ƙasarsu ta kai shi wata ƙasa, a mai da shi ɗan waɗansu mutane. Wani zai ce, ina ruwan Birniwa da wannan? Muna roƙo ku ba mu aron kunnuwanku. Abin da muke so ku tafi da shi gida yau guda ɗaya ne: kyakkyawar niyya ba ta isa a ɗauki ɗan wani ba. Wanda zai karɓi yaro daga hannunmu, da mu kanmu idan za mu karɓi na wani, dole a sami izinin hukuma da shaidar da za a iya nunawa a gaban alƙali. Takardar nan ita ce katangar yaron, ita ce kuma katangar ikkilisiya.

ME YA SA MAGANAR TA SHAFE MU

Ƙasar Haɗejiya ƙasa ce mai albarka, amma ruwan da ke ciyar da mu shi ne kan kore mu daga gidajenmu. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun cinye gonaki, sun rushe gidaje, iyalai suka koma kwana a makarantu da bakin titi. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta kama da wuta a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, a kan hanyar Kano zuwa Haɗejiya, mutum fiye da 150 suka rasu. Kafin wannan, rikicin Boko Haram ya koro mata da yara daga Borno da Yobe. Kowace ɗaya daga cikin masifun nan ta bar marayu, ta kuma bar gwauraye waɗanda abincin dare ma yakan gagare su.

A ko'ina cikin duniya, inda masifa ta sauka, nan baƙi masu neman marayu sukan sauka. Da yawansu mutanen kirki ne. Amma ba a rubuta wa mutum halinsa a goshi. Ƙofar da suka fi ƙwanƙwasawa kuwa ita ce ta fasto, domin sun san kaka ba za ta ba baƙo jikanta ba, amma in fasto ya ce a bayar, za ta bayar. Ga mu kusa da Nguru, ga iyakar Nijar ba nisa. Yaron da ya bar gari da hantsi, kafin magariba ya tsallake jiha, ko ma ƙasa.

RIƘO IRI BIYU NE

A wurinmu riƙo ba baƙon abu ba ne. Goggo takan ɗauki 'yar ƙanenta tun daga yaye. Kawu yakan ɗauki ɗan 'yar'uwarsa ya sa shi makaranta. Matar da Allah bai ba ta haihuwa ba, akan ba ta 'yar riƙo ta ɗebe mata kewa. Amma duk wanda ya riƙi ɗa a ƙasar Hausa ya san amana ce aka ba shi. Yaron yana amsa sunan ubansa, ya san gidansu, gādonsa yana can. Ran aure dangin uba ne ke tsayawa. In riƙo ya yi tsami, iyaye su aiko a karɓo abinsu, ba mai kai ƙara. Maƙwabtanmu Musulmi ma haka addininsu ya tsara: a riƙi maraya, a ciyar da shi, a tufatar da shi, amma ba a sauya masa uba. Suna kiran wannan kafala, kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ambace ta da sunanta.

Abin da ake yi a ƙasashen Turawa dabam ne. Alƙali ne ke yanke igiyar da ke tsakanin yaro da iyayen da suka haife shi, yankewa ta har abada. A ba shi sabon suna, da sabuwar takardar haihuwa, da sabuwar ƙasa. A idon doka uwar da ta haife shi ta zama bare, ba ta da ikon cewa a kawo mata shi ko da ta gan shi sau ɗaya. Yaro ƙarami kuwa, kafin shekara biyu ya manta Hausa. Ko da wata rana an haɗa su, sai da tafinta.

Kalmar maraya ma tana da tarko. Mu kan ce maraya ga yaron da ya rasa uba, ko da uwarsa tana nan da ranta, ga kakanni, ga baffanni. Baturen da aka aika wa hoto aka ce masa ga maraya, abin da yake ji shi ne yaron nan ba shi da kowa a duniya. Ƙungiyar Save the Children ta ba da rahoto a 2009 cewa aƙalla huɗu cikin kowane yara biyar da ke gidajen marayu na duniya suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kai su can, ba mutuwa ba.

To, ku dubi inda haɗarin yake. An zo wa tsohuwa da takarda cikin Turanci. An ce mata za a kai jikanta karatu, ya zama likita, ya dawo ya gina mata gida. Ta dangwala yatsa tana nufin riƙo irin namu, takardar kuwa tana faɗin wancan. Ba a yi mata dole ba, amma ba a gaya mata gaskiya ba. Idan kuwa fasto ko dattijo ne ya yi tafinta, ko ya sa hannu a matsayin shaida, alhakin yana wuyansa, ko da sisin kwabo bai shiga aljihunsa ba.

ABIN DA YA HAIFI DOKOKIN

Kada mu ɗauka Turawa sun tsaurara dokokin nan don son wahalar da mutane. Hawayen iyaye ne ya haife su. Bari mu kawo misali uku.

A watan Oktoba na 2007, a garin Abeshe na ƙasar Chadi, an kama ma'aikatan wata ƙungiyar Faransawa mai suna L'Arche de Zoé suna shirin sa yara 103 a jirgin sama zuwa Faransa. Sun ce marayun yaƙin Darfur ne. Da aka bincika, sai aka tarar yawancin yaran 'yan Chadi ne, kuma suna da iyaye ko dangi na kusa. Kotun Chadi ta ɗaure Faransawa shida shekara takwas-takwas, daga baya Shugaba Idris Debi ya yi musu afuwa a 2008.

A watan Janairu na 2010, bayan girgizar ƙasar da ta rushe Haiti, an kama Amurkawa goma, masu bi ne 'yan Baftis, yawancinsu daga jihar Idaho, suna ƙoƙarin tsallake iyaka da yara 33 ba tare da takardun hukuma ba. Sun ce ceto suka zo yi. Aka tarar yawancin yaran suna da iyaye a raye. Sunan ikkilisiya ne ya sha kunya a gidajen rediyon duniya.

Na uku ya fi ba da tsoro, domin ƙungiyar tana da lasisinta. Sunanta European Adoption Consultants, a jihar Ohayo ta Amurka. A Yuganda an riƙa gaya wa iyaye mata cewa karatu za a kai 'ya'yansu, a rubuta su marayu, a ba alƙalai da jami'ai cin hanci su sa hannu. A watan Disamba na 2016 gwamnatin Amurka ta ƙwace lasisin ƙungiyar, daga baya waɗansu ma'aikatanta suka amsa laifi a kotu. Darasin nan biyu ne: lasisi ba ya mai da kura tunkiya, amma saboda akwai lasisin ne aka sami abin ƙwacewa, aka kuma sami wanda za a kama.

Irin waɗannan abubuwa sun sa ƙasashe da yawa rufe ƙofa. Gwatamala ta rufe a 2008, Habasha a 2018, Sin a 2024. A watan Maris na 2025 wata hukumar bincike ta gwamnatin Koriya ta Kudu ta tabbatar cewa a shekarun baya an riƙa rubuta yara masu iyaye a matsayin marayu don a fitar da su waje. Yaran da ake kai wa Amurka ta wannan hanya sun kai kusan 23,000 a 2004. A 2023 ba su kai 1,300 ba.

ƘA'IDODIN TANTANCEWA

Uwar dokokin ita ce yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Heg na ƙasar Holan ran 29 ga Mayu, 1993. Ƙasashe fiye da 100 sun shiga. Ga abin da ta ƙunsa a taƙaice.

Hukumar ƙasar da yaron ya fito ce za ta tabbatar cewa ya cancanci a ba da shi, ba ƙungiya ba, ba gidan marayu ba, ba majami'a ba. Ba za a fitar da shi waje ba sai an fara duba ko akwai wanda zai riƙe shi a cikin ƙasarsu. Yardar iyaye sai a rubuce, bayan an fahimtar da su cewa rabuwa ce ta har abada, kuma kada kuɗi ko kyauta su jawo yardar. Yardar uwa ba ta ƙirguwa sai bayan ta haihu. Ba a cinikin ciki. Waɗanda za su karɓi yaron ba za su sadu da iyayensa ba sai hukuma ta gama aikinta, sai dai in dangi ne. Dole a adana labarin asalin yaro, domin ran da ya girma ya tambaya.

A kan ƙungiyoyin da ke shiga tsakani kuwa, yarjejeniyar ta ce ba za a ba su takardar amincewa ba sai sun nuna sun iya aikin. Kada neman riba ya zama manufarsu. Shugabanninsu da ma'aikatansu su kasance masu horo da riƙon amana. Hukuma ta riƙa duba aikinsu da asusunsu. Kuma ƙungiyar da aka amince da ita a wata ƙasa ba za ta yi aiki a wata ba sai ƙasashen biyu sun ba ta izini. Ku riƙe wannan da kyau: takardar Amurka ko ta Italiya ita kaɗai ba ta ba kowa ikon taɓa yaro a Jigawa ba.

Amurka ta fara aiki da yarjejeniyar ran 1 ga Afrilu, 2008, ta kuma shimfiɗa nata sharuɗɗa dalla-dalla. Ma'aikatar harkokin wajenta ce ke naɗa masu tantancewa. Lasisin na 'yan shekaru ne, yawanci huɗu, sai a sake bincike. Dole ƙungiya ta kasance da inshora ta aƙalla dala miliyan ɗaya, da ajiyar kuɗin da zai riƙe ta wata biyu, akantoci na waje kuma su binciki littattafanta. Dole ta rubuta wa masu nema kuɗin da za su biya da abin da aka yi da kowane kashi. Masu karɓar yaro sai an binciki gidansu, sun kuma sami horo na aƙalla awa 10. Ƙungiyar ce ke ɗaukar alhakin abin da wakilanta suka yi a ƙasar da yaron yake. Akwai kuma sharaɗi ɗaya da muke so kowa ya haddace: an hana a biya ma'aikaci ko wakili bisa yawan yaran da ya samo. Saboda haka duk wanda ya ce muku akwai ɗan abin goro a kan kowane yaro, ya riga ya gaya muku ko shi wane ne.

INA NIJERIYA TA TSAYA

Gana, Burkina Faso, Togo da maƙwabciyarmu Nijar sun shiga yarjejeniyar Heg. Nijeriya ba ta shiga ba. Ba mu da ofishi guda na ƙasa da ke tantance irin waɗannan ƙungiyoyi. Kowace jiha da dokarta da ma'aikatarta. Wannan ya sa nauyin lura ya ƙaru a kanmu.

Duk da haka ba a bar abin sakaka ba. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ce kotu ce kaɗai ke mai da yaro ɗan wani. Mai nema ya kasance ɗan Nijeriya, ya kai shekara 25, ya girmi yaron da shekara 21. Ya sanar da jami'in walwalar jama'a wata 12 kafin hukunci, yaron kuma ya zauna a hannunsa wata uku a jere ana lura. Ta hana bayarwa ko karɓar kuɗi a kan yaro, ta hana a tura shi waje ba da izini na musamman ba. A nan Jigawa, Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a Dokar Kare Yara a watan Disamba na 2021, Kano kuma ta yi tata a 2023. Ƙofar da za a bi ita ce ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, sa'an nan Ma'aikatar Mata a Dutse, sa'an nan kotu. Mai sayar da yaro kuwa, hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, ita ce ke bin sawunsa.

Wannan ya shafi har 'yan'uwanmu na jini da ke zaune a waje. A ce ƙanwar marigayi tana Amurka, tana so ta ɗauki ɗan wanta. Tun daga watan Yuli na 2014 dokar Amurka ta ce ko daga ƙasar da ba ta shiga yarjejeniyar Heg ba, irin tamu, sai an bi ta hannun ƙungiyar da aka tantance. In a Ingila take, tun daga watan Maris na 2021 gwamnatin Birtaniya ta dakatar da karɓar yara daga Nijeriya ta wannan hanya, sai wanda ya nemi izini na musamman aka ba shi. Dalilan da ta bayar su ne takardun da ba a iya gaskatawa, da cin hanci, da safarar yara. Wake ɗaya ya ɓata gari, masu gaskiya suna shan wahala saboda maƙaryata. Kada kowa ya ce zai taimaki 'yar'uwa da takardar haihuwa ta jabu wadda ta nuna ita ta haifi yaron. Ana gwajin jini, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

ABU BIYU DA SUKA FARU A KANO

Yanzu bari mu zo kusa da gida. Abu biyu sun faru a Kano a shekara ɗaya, kuma ba daidai ba ne mu tuna ɗaya mu manta ɗaya.

A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka ba da sanarwar gano yara tara da aka sace daga unguwannin Kano aka sayar a Onica ta jihar Anambra. 'Ya'yan Musulmi ne, an sauya musu suna da addini. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya kafa hukumar bincike. A watan Yuli na 2021 babbar kotun Kano ta yanke wa Paul Owne ɗaurin shekara 104 bayan ya amsa laifinsa. 'Yan'uwa, wannan mugunta ce, kuma ya kamata bakinmu ya fi na kowa ƙarfi wajen la'antarta. Littafi Mai Tsarki ya sa satar mutum cikin manyan laifuffuka tun daga Shari'ar Musa. Mun kuma san labarin Yusufu, wanda aka sayar da shi a kan azurfa ashirin, aka kai wa ubansa shaidar ƙarya, tsohon ya yi shekaru yana makokin ɗan da ke raye. Tun daga abin nan na Onica, duk maƙwabcin da ya ga baƙon yaro a gidan Kirista yana da dalilin tambaya. Kada mu ji haushin tambayar; mu tanadi amsa.

Wata biyu bayan haka, ran Kirsimati na 2019, jami'an tsaro suka shiga gidan marayu na Du Merci a Kano, wanda Farfesa Solomon Tarfa da matarsa suka buɗe tun 1996. Tsakanin Kano da reshen gidan na Kaduna an kwashe yara 27 aka kai gidan yara na gwamnati da ke Nasarawa, Kano. Farfesan ya yi kusan shekara guda a tsare kafin ya sami beli. A watan Yuni na 2021 kotu ta wanke shi daga zargin satar yara. A watan Maris na 2022 aka ɗaure shi shekara biyu bisa zargin cewa takardar rajistar gidan ta jabu ce. A watan Janairu na 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan hukunci ta sake shi. Amma har aka shiga 2025 akwai yaran da ba su koma gidan da suka tashi ba.

Kotu ta wanke bawan Allahn nan, ba mu kuwa zo mu ɗora masa laifi ba. Abin da muke so ku lura da shi shi ne, bayan zargin sata ya faɗi, a kan takarda guda ɗaya aka sake ɗaure shi. Idan mai digirin farfesa, a babban birni, da lauyoyi, da ƙungiyoyin duniya suna yi masa magana, ya sha wannan, ina ga mai bishara a ƙauye wanda ya tara yara shida a ɗakinsa ba ko littafin sunaye? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu 'yan kaɗan ne a ƙasar nan. Zaman lafiyar da iyayenmu suka gina da sarakuna da maƙwabta shekara da shekaru, yaro ɗaya marar takarda ya isa ya rushe shi a wuni ɗaya.

ABIN DA MUKE ROƘON IKKILISIYOYI

Na ɗaya, kowace ikkilisiya ta buɗe littafin marayu. A rubuta sunan yaro, da na iyayensa, da garinsu, da dangin da suka rage, da wanda ke riƙonsa. A taimaki kowane yaro ya sami takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da sunan ubansa na gaskiya.

Na biyu, kada fasto, ko dattijo, ko sakatare ya rubuta wasiƙa da hatimin ikkilisiya yana shaida cewa yaro ba shi da kowa, sai ya je gidansu da ƙafarsa. Kada kuma a sa hannu a takardar da ba a karanta wa mai ita da Hausa ba, a gaban shaidu daga danginta.

Na uku, idan an tsinci jariri ko yaron da ya ɓata, a ranar a sanar da mai unguwa, da 'yan sanda, da jami'in walwalar jama'a, a karɓi shaida a rubuce. Tausayi ya sa mu ɗauke shi daga rana, amma hukuma ce za ta faɗi inda zai zauna. Idan ɗan Musulmi ne, a taimake shi a hannun danginsa, kada a raba shi da su.

Na huɗu, ikkilisiyar da ke tunanin buɗe gidan marayu ta sani cewa takardar hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, tana nuna akwai ƙungiyar ne kawai. Izinin tara yara daga Ma'aikatar Mata ta jiha yake fitowa. A je da kai, kada a aiki ɗan kamasho. A karɓi rasiɗi na kowane biya, a sabunta izini kan lokaci, a ajiye kwafi a wurin lauya da ofishin gunduma.

Na biyar, idan baƙo ya zo da maganar kai yara Abuja, ko Legas, ko ƙasar waje, ko da sunan karatu ne, a ba shi ruwa ya sha, sa'an nan a yi masa tambayoyi. Wace hukuma ce ta tantance ku, kuma yaushe lasisinku zai ƙare? Ina izinin jihar Jigawa? Wace kotu ce za ta zauna a kan maganar? Yaron zai ci gaba da amsa sunan ubansa? Yaushe zai zo hutu, wa zai biya kuɗin mota? Wa ke biyanku, kuma a kan me? Daga nan a ce masa, tashi mu tafi ofishin walwalar jama'a tare. Mai gaskiya zai yi murna. Mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as. Kada a bar kowa ya ɗauki hotunan yaranmu ya tafi yana neman kuɗi da su.

Na shida, kuma shi ne mafi girma, mu toshe ƙofar da ɓarawo ke shigowa, wato yunwa. Gwauruwa ba ta ba da ɗanta don ba ta son shi. Buhun gero bayan girbi, da kuɗin makaranta, da akuya biyu, da ranar gayya a gonarta, sun isa su riƙe yaro a ɗakin uwarsa. Muna ba da shawara kowace ikkilisiya ta keɓe baiko na musamman sau ɗaya a wata uku saboda wannan, zumuntar mata kuma ta raba gidajen marayu a tsakaninta don ziyara. Esta ma da ta rasa uwa da uba, ɗan'uwanta Mordekai ne ya riƙe ta, ba ta kuwa manta mutanenta ba. Naka sai naka.

KAMMALAWA

Iyayenmu da 'yan'uwa, ba mu ce kada a taimaki maraya ba, Allah ya sawwaƙe. Ba mu kuma ce duk yaron da aka kai waje an cuce shi ba. Akwai waɗanda ba su da kowa da gaske, suka sami iyaye na kirki ta hanyar da doka ta tsara. Abin da muka ce shi ne a bi ta ƙofa, da rana tsaka, hukuma tana gani, dangi suna gani. Wata rana yaran nan za su girma su tambaye mu, ni ɗan wane ne, wa ya ba da ni, da izinin wa? Bari a same mu da amsar da ba za mu sunkuyar da kai ba.

Muna roƙon fastoci su karanta wa jama'arsu waɗannan shawarwari shida ran Lahadi mai zuwa, sakatarori kuma su zo da littafin marayunsu a taro na gaba.  Ubangiji, wanda shi ne uban marayu, ya ba mu hikima da riƙon amana. Amin.